Daren Columbo: Yadda Za Ki Haɗa Girkin Tsofaffin Taurarin Hollywood da Kallon Binciken Kisa

Akwai wani wuri a cikin Columbo, shirin talabijin na Amurka kan binciken kisan kai, na shekarar 1971, kashin da ake kira Ransom for a Dead Man, inda ɗan sandan ya shiga wani gidan abinci a yankin Hollywood aka ajiye masa kwanon cili, wato wata miyar wake da nama mai yaji ta Amurkawa. Ya ɗebi biskit mai gishiri ya murmushe shi a kai, yana cewa ai biskit ɗin nan ne ke gyara abincin. Tun ranar da na ga wurin nan raina ya biya da abin da ke cikin kwanon. Da na bi diddigi sai na tarar ashe ba ni kaɗai ba ce: akwai mutane da dama da suka mayar da abin al'ada, su zaɓi kashi ɗaya na shirin, su nemo girkin da ya dace da shi ko na wani tauraro na wancan zamanin, su dafa, sannan a zauna a ci ana kallo. Har wata ma'aikaciyar adana tsofaffin finafinai a Ingila, Jenny Hammerton, ta fitar da littafi sukutum a 2018 wanda ya haɗa kowane kashi na Columbo da girkin ɗaya daga cikin 'yan wasansa.

Abin da nake so ki riƙe tun daga farko, uwargida, shi ne wannan: daren yana yin daɗi ne idan abincin ya fito daga cikin labarin, kuma idan an sauke komai daga wuta kafin a kunna talabijin. Sauran duk hidima ce ta cimma waɗannan biyun. Maigida ma idan yana da hannu a girki, bismillah, jagorar ta kowa ce.

Ki fara da sanin wanda za ki kalla

Columbo laftanar ne na 'yan sandan Los Angeles a sashen binciken kisan kai. Richard Levinson da William Link ne suka ƙirƙiro shi, Peter Falk kuma ya fara fitowa a matsayinsa a 1968. Shirin ya gudana a tashar NBC daga 1971 zuwa 1978, ya dawo a tashar ABC a 1989 har zuwa 2003, gaba ɗaya kashi 69. Mutum ne mai yamutsattsiyar rigar ruwa, da guntun sigari a hannu, da tsohuwar mota ƙirar Peugeot 403 da ke tafiya da ƙyar. Kullum yana zancen matarsa amma ba a taɓa nuna ta ba. Falk ya rasa idonsa na dama tun yana ɗan shekara 3 saboda ciwon daji, da idon gilashi ya yi dukan rayuwarsa, kuma wannan ɗan karkataccen kallon nasa yana cikin abin da ke sa masu laifi su raina shi.

Abin da ya bambanta shirin da sauran na bincike shi ne, tun a farko ake nuna miki wanda ya yi kisan da yadda ya yi. Ba a ɓoye komai. Abin jira shi ne yadda wannan talakan ɗan sanda zai bi attajirin nan sannu a hankali, ya yi sallama ya kai bakin ƙofa, sai ya juyo ya ce saura tambaya ɗaya. Wannan tsarin ne ya sa shirin ya dace da cin abinci. Ba ki cikin fargabar cewa in kin sunkuya ɗebo miya za a bayyana mai laifi. Amma fa ƙananan abubuwa ne ke tona asiri, irin su ashana, ko agogo, ko igiyar takalmi, kuma yawancinsu a mintuna 20 na farko ake shuka su. Wanda ya tashi duba tukunya a wannan lokacin ya yi asarar rabin daɗin.

Zaɓen kashi da abincinsa

Idan daren farko ne, shawarata ki ɗauki Swan Song na 1974. Mawaƙin nan Johnny Cash ne ya fito a matsayin mai laifin, mawaƙin bege na coci da ya gaji da matarsa, wadda tsohuwar tauraruwa Ida Lupino ta fito a matsayinta. Ya zuba maganin barci a filas ɗin kofi, ya diro daga ƙaramin jirgin sama da lema, ya bar jirgin ya faɗi da ita da wata yarinya. A cikin kashin an zuba wa Columbo cili a wajen wani biki, yana ci yana yabawa, sai aka gaya masa naman kurege ne. Ga shi kuma Cash a rayuwarsa ta gaske ya shahara da dafa cili a tukunyar ƙarfe. Kin ga ke nan abinci da labari sun haɗu ta kowace fuska.

Idan kuma daren aiki ne ba ki da lokacin doguwar tukunya, ki ɗauki Murder by the Book na 1971, wanda Steven Spielberg ya ba da umarni tun yana matashi bai yi suna ba. A ciki Columbo ya shiga kicin ɗin matar da mijinta ya ɓace, ya soya mata wainar ƙwai don ya kwantar mata da hankali, yana aikin yana yi mata tambayoyi. Wainar ƙwai da albasa da cukwi mai narkewa, da burodi da shayi, ta wadatar.

Akwai wasu ma. A Double Shock na 1973 an jawo Columbo kan dandamalin wani shirin girki na talabijin aka sa shi haɗa miyar gwaiduwar ƙwai da bota da lemon tsami. A Murder Under Glass na 1978 labarin duka a gidajen abinci yake, mai laifin ma marubucin sharhin abinci ne da ya yi amfani da gubar kifin fugu na Japan. Shi kuma Lovely but Lethal na 1973 akwai Vincent Price a ciki, mutumin da ya iya girki da gaske, don shi da matarsa Mary sun wallafa babban littafin girke-girke a 1965, har ya yi shirin girki a talabijin ɗin Ingila a 1971. Waɗannan ki ajiye su sai hannunki ya faɗa.

Kafin ki yarda da tsohon girki

A nan zan ɗan tsaya, don nan ne mutane suka fi faɗawa rami. Tun ƙarshen shekarun 1920 mujallun masoya fim irin su Photoplay ke buga girke-girken taurari. Wasu na gaske ne, wasu kuwa ma'aikatan tallan kamfanonin fim ne suka rubuta aka liƙa wa tauraro. Shi ya sa na fi son waɗanda labarinsu ya tabbata ta hanyar iyali ko maƙwabta ko gidan abincin da aka san tauraron da shi. Guda biyun da zan koya miki a ƙasa irin waɗannan ne.

Abu na biyu, ma'auni. Kofi a girkin Amurka mililita 240 ne, wato kusan gwangwanin madara ɗaya da rabi. Idan suka ce sandar bota ɗaya, giram 113 suke nufi, rabin kofi ke nan. Fam ɗaya giram 454 ne, ki ƙaddara shi ɗan ƙasa da rabin kilo. Zafin oven kuma da ma'aunin Fahrenheit suke rubutawa: 325 nasu shi ne kusan 165 a namu na Celsius, 350 kuma kusan 180.

Abu na uku ya fi duka muhimmanci ga Musulmi. Girkin tsohuwar Hollywood cike yake da naman alade, da kitsensa, da giya. Ki karanta kayan haɗin tun daga sama har ƙasa kafin ki je kasuwa. Inda aka ce naman alade, naman rago mai ɗan kitse yana ba da taushi da maiƙon da ake nema. Inda aka ce kitsen alade, ki sa bota ko man shanu. Inda aka ce giya a miya, abin da take kawowa ɗan tsami ne da ƙamshi, don haka romon nama da cokali ɗaya na ruwan lemon tsami ya maye gurbinta. Ko ruwan banila na kwalba ki duba jikinsa, domin na asali da ake yi a Amurka da barasa ake jiƙa shi. Akwai na gari, akwai kuma na ruwa da aka rubuta babu barasa.

Sai na huɗu, wanda in kin kuskure shi tukunyar ta tashi a banza. Idan girkin Amurka ya ce garin cili cokali biyar, ba garin barkono yake nufi ba. Wani haɗi ne na busasshen tattasai mara zafi sosai, da kumin, da origano, da garin tafarnuwa. Wadda ta auna barkononmu cokali biyar ta zuba, babu mai iya kai loma biyu. Ki haɗa naki kamar haka: ki samu busasshen tattasai ki cire 'ya'yan, ki ɗan gasa shi a busasshen kasko na minti ɗaya har ƙamshi ya tashi, ki daka ki tankaɗe. Babban cokali 3 na wannan, babban cokali 1 na garin kumin, wanda Larabawa ke kira kammun, ƙaramin cokali 1 na origano ko tayim, ƙaramin cokali 1 na garin tafarnuwa, sai rabin ƙaramin cokali kacal na barkono. Kumin ɗin nan kada ki tsallake shi. Shi ne ƙamshin da ke raba cili da miyar wake ta yau da kullum.

Cilin da aka kai wa Elizabeth Taylor har Rum

A yankin Hollywood an yi wani gidan abinci mai suna Chasen's, daga 1936 zuwa 1995, wurin zaman manyan taurari. Cilinsa ya yi sunan da lokacin da Elizabeth Taylor ke birnin Rum tana ɗaukar fim ɗin Cleopatra a farkon shekarun 1960, sai da ta sa aka riƙa ɗauro mata shi a daskare a jirgin sama. Girkin da ya yaɗu da sunan gidan yana da wake, tumatir, koren tattasai, albasa mai yawa, ganyen fasli, bota, naman sa da na alade. Ga yadda nake yin sa da halal, na mutum shida, tare da dabara ɗaya da na aro daga Johnny Cash.

Za ki buƙaci wake giram 250, naman sa giram 700 daga kafaɗa ko wuya, naman rago giram 300, albasa manya 3, koren tattasai babba 1, tafarnuwa ƙwaya 3, nunannen tumatir kamar giram 800, bota babban cokali 4, man gyaɗa cokali 2, ganyen fasli cikin hannu ɗaya in akwai, haɗin yajin da muka yi, masoro ƙaramin cokali 1, gishiri, da garin masara babban cokali 2.

Su da waken pinto suke yi, mai ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa. Wakenmu, musamman ja, yana yi sarai, sai dai ya fi saurin narkewa, don haka ki lura da shi. Kada ki surfa shi, da ɓawonsa ake so. Ki wanke ki jiƙa shi tun safe. Idan kuwa babban jan waken kanti kika samu, mai siffar ƙoda, busasshe, to dole bayan jiƙo ki tafasa shi da wuta mai ƙarfi na aƙalla minti 10 kafin ki rage wuta, saboda ɗanyensa yana da wani sinadari mai haddasa amai da gudawa wanda tafasa mai ƙarfi ce kaɗai ke kashe shi. Na gwangwani an riga an dafa, tsanewa kawai za ki yi ki ɗauraye.

Naman kuma, ki roƙi mahauci ya sassara miki shi ƙanana kamar ƙwayar gujiya. Kada a niƙa shi a inji ya yi laushi kamar na dambu. Daɗin cili a tauna yake, kowace loma ki ji nama a haƙori.

Bayan la'asar ki ɗora wake da ruwan da ya rufe shi da kamar yatsu biyu, ba gishiri ba kanwa. Ki bar shi har ya yi laushi amma bai fashe ba, ki matsa ƙwaya ɗaya tsakanin yatsu ki ji ta ba da kai da ɗan ƙarfi a tsakiya. Yayin da yake dahuwa ki zuba tumatir a ruwan zafi na minti ɗaya, ki ɓare fatar, ki yayyanka. Ba a markaɗa shi, ana so a riƙa ganin gutsattsarinsa. Ki juye shi cikin waken da ragowar ruwansa, su tafasa tare na minti 5, ki rage wuta.

A wani kaskon ki zuba man gyaɗa ki soya koren tattasai na minti 5, ki ƙara albasa. A nan ake bukatar haƙuri. Albasa uku tana da yawa a ido, amma za ta narke ta zama zaƙin miyar. Ki riƙa juyawa a matsakaiciyar wuta na kamar minti 12 har ta yi laushi ta fara ɗaukar launin zuma, kada ta ƙone. Sai tafarnuwa da fasli, minti ɗaya, ki juye duka cikin tukunyar wake.

Yanzu nama. Ki narkar da bota a kaskon nan dai, ki ƙara wuta, ki zuba naman kashi biyu ko uku, ba gaba ɗaya ba. Idan kika cika kasko naman zai fitar da ruwa ya dahu ya yi fari, alhali abin da ake nema shi ne ya soyu ya yi ja a gefe. Kowane kashi ki bar shi minti 2 ba ki taɓa ba kafin ki juya. Da kashin ƙarshe ya soyu, ki mayar da sauran, ki barbaɗa haɗin yajin a kai ki juya na minti 2 a cikin maiƙon. Yaji a cikin mai yake buɗewa, in kika zuba shi cikin ruwa kai tsaye ƙamshinsa ba ya fita duka. Ki juye naman a tukunya, ki zuba rabin kofin ruwa a kaskon ki kankare abin da ya manne a ƙasa, ki haɗa da shi. Wannan baƙi-baƙin da ya manne shi ne rabin ɗanɗanon.

Ki sa gishiri da masoro, ki rufe, ki mayar da wuta ƙasa-ƙasa yadda miyar za ta riƙa ɗan ɓulɓulowa kawai. Awa ɗaya a rufe, kina leƙawa duk bayan minti 15 kina juyawa daga ƙasa don kada wake ya kama. Idan da gawayi kike yi, ki janye rabin garwashin, ki bar tukunyar a kan sauran. Bayan awa ɗaya ki buɗe, ki bar shi minti 30 ba murfi. Za ki ga jan mai ya taso sama, ki kwashe mafi yawansa da cokali, ki bar kaɗan.

A nan dabarar Cash ke shigowa. Ɗansa ya ba da labarin yadda mahaifin nasa kan ɗebo garin masara da hannu ya watsa cikin tukunyar cili don ta yi kauri. Ni nakan dama cokali 2 da ɗan ruwan sanyi tukuna don kada ya yi gudaji, in zuba a minti 10 na ƙarshe. Yana kama ruwan miyar, yana kuma ba ta wani ƙamshi mai kama da na gasasshiyar masara. Ki ɗanɗana. In kin ji ta yi nauyi a baki, ɗigon lemon tsami zai farkar da ita. In zafi bai kai miki ba, yanzu ne lokacin ƙara barkono, kaɗan-kaɗan. Idan kin tsayar da cokali a tsakiya ya ɗan jinkirta kafin ya kwanta, ta yi. Ki sauke ki rufe. Cili da ya huta rabin awa ya fi wanda aka sauke yanzu, na jiya kuma ya fi su duka, don haka wadda ta dafa tun daren jiya ta ɗumama ba ta yi laifi ba.

Kek ɗin Katharine Hepburn

Katharine Hepburn ba ta taɓa fitowa a Columbo ba, amma babu girkin tauraruwar da ya kai nata yaɗuwa, kuma ban san abin zaƙin da ya fi shi dacewa da bayan cili ba. Ita ce ta ci kyautar Oscar ta gwarzuwar 'yar wasa har sau 4, ta rasu a 2003 tana da shekara 96. A shekarar da ta rasu jaridar New York Times ta buga wasiƙar wata mata da iyalinta suka yi maƙwabtaka da ita, tare da girkin wannan kek ɗin cakulan da Amurkawa ke kira birawni. Sirrinsa ɗaya ne: fulawa kaɗan. Rubu'in kofi kacal. Shi ya sa cikinsa ke yin danshi da danƙo kamar alewa, ba ya yin fuka-fuka irin na kek ɗin biki.

Ki tanadi bota giram 113, garin kokon cakulan rabin kofi, sukari kofi 1, ƙwai 2, fulawa rubu'in kofi, banila ƙaramin cokali 1, gishiri ɗan tsunkule, da kofi 1 na 'ya'yan walnut da aka farfasa. Garin kokon nan tsantsarsa ake nufi, mai ɗaci, ba irin na shayi da aka haɗa da madara da sukari ba. In ba ki samu walnut ba, gasasshen kashu ko soyayyar gyaɗa da aka murje ɓawonta za su yi.

Ki narkar da bota da garin koko a ƙaramar wuta kina juyawa har su haɗe su yi sheƙi. Ki sauke, ki bar shi ya ɗan huce na minti 5, don in kika fasa ƙwai cikin mai zafi zai dahu ya yi gudaji. Ki zuba sukari ki juya, sai ƙwai ɗaya bayan ɗaya, sai banila. Daga nan fulawa da gishiri da gyaɗar, ki juya da muciya har farin fulawar ya ɓace, ki tsaya. Ba a buga shi, ba a sa masa bakin foda. Ki shafe farantin gashi mai faɗin santimita 20 kowane gefe da bota, ki shimfiɗa takardar gashi in kina da ita, ki juye ƙullun.

A oven, zafi 165, minti 30 zuwa 35. Wadda ba ta da oven ta zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, ta rufe ta bar shi ya yi zafi na minti 15, ta ɗora farantin a kan ƙaramin murfi ko duwatsu uku don kada ya taɓa yashin, wuta ƙasa-ƙasa. Ki soka tsinke a tsakiya: in ya fito da ɗanyen ƙullu, saura kaɗan, in ya fito da 'yan dunƙule masu danshi, ki sauke nan take, in ya fito fes, ya wuce. Kuskuren da aka fi yi ke nan, barin sa ya bushe. Sai ya huce gaba ɗaya za ki yanka, in ba haka ba zai dagargaje a wuƙa. Saboda haka da rana ake gasa shi, tun kafin a ɗora wake.

Tsarin ranar

Da safe ki jiƙa wake ki haɗa yaji. Bayan azahar ki gasa kek ki ajiye. Bayan la'asar ki ɗora cili, zuwa magariba ya kusa, ki sauke kafin isha'i. Ki sauke kashin da za a kalla a kwamfuta ko waya tun da rana, ki tabbatar akwai caji, don kada ɗaukewar wuta ko tsinkewar intanet ta yanke muku labari a tsakiya. Ki duba tsawonsa ma: wasu kamar minti 75 ne, wasu kuma, har da Swan Song, sun haura minti 90. In akwai waɗanda Turancinsu bai yi ƙarfi ba, ki kunna rubutun ƙasan allo, kuma a yarda tun farko wa zai riƙa fassarawa, don kada baki biyar su tashi lokaci guda. Shirin ba ya nuna jini sosai, amma zancen kisa ne da cin amana, wani lokacin da shan giya, don haka ƙananan yara su ci nasu da wuri su kwanta.

Bayan sallar isha'i ki ɗumama cilin, ki zuba a ƙananan kwanuka masu zurfi, kowa da nasa da cokali. Abinci ne na riƙewa a hannu ana kallon allo, ba na faranti ɗaya ba. A tsakiya ki ajiye yankakkiyar ɗanyar albasa, da gurzajjen cukwi, da yankan lemon tsami, da tulin biskit mai gishiri mara zaƙi, kowa ya murmushe nasa kamar yadda laftanar ke yi. Wanda biskit ba zai riƙe shi ba, a ajiye masa farar shinkafa a gefe. Ni nakan dafa ƙwai guda shida in ajiye da ɓawonsu, domin Columbo kan zo wurin bincike da dafaffen ƙwai a aljihun rigarsa. A kashin A Stitch in Crime ma a jikin ƙarfen da aka yi kisan da shi ya fasa ƙwansa. Abin sha kuwa zoɓo mai sanyi da citta ya fi komai kashe maiƙon cili.

Ki ɗora ruwan shayi a filas tun kafin a fara. A ci cili a rabin farko, lokacin da ake shirya laifin da kuma isowar tsohuwar motar. Idan Columbo ya kai ziyara ta biyu ko ta uku gidan wanda ake zargi, kin ga fuskar attajirin ta fara canzawa, sai ki dakatar da fim ɗin na minti biyar. A kwashe kwanuka, a kawo kek da shayi, sannan kowa ya faɗi ƙaramin abin da yake ganin zai kama mai laifin. A rubuta a takarda don kada wani ya canza magana daga baya. Wanda ya canka, shi ke da ragowar kek ɗin, kuma shi zai zaɓi kashin mako mai zuwa.